Kullum ina tafasa fidarsa, amma sai da aka ba mu gado

Maman Hanif: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Jiya da yamma aka sallamo mu daga asibiti, kwananmu uku, gudawa da amai. Hanif yau kwanansa 34 a duniya, amma sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Alhamdulillah ya samu sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar likita, wai mu duba tsaftar fidarsa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Ni da kullum da asuba sai na tafasa fidar nan kafin ma a ɗora ruwan wankana. To ta ina cutar ta shigo? Don Allah masu sani ku taimaka, ba na son mu koma gidan jiya.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu maijego. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana shi.

Inna Ta Zariya: Sannu 'yar nan. Allah ya sa kaffara ne.

Ummu Abdallah: Allah ya ba shi lafiya. Amma ni tambayata, yaron da ko arba'in bai yi ba me ya haɗa shi da fida? Allah ya ba ki abinci a ƙirjinki wanda ba ya buƙatar tukunya ba ya buƙatar gawayi. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba shi, kullum ana faɗa a wajen awo. Mu matan yanzu son jiki ya yi mana yawa.

Maman Hanif: Yaya, aiki aka yi min, na zubar da jini sosai, ruwan nono bai zo da wuri ba kuma har yanzu ba ya isarsa. Likita ne da kansa ya ce a haɗa masa da madara. Ina ba shi nono, madarar sau uku ko huɗu ce a yini.

Maman Biyu: Ummu Abdallah, a dinga tambaya kafin a yanke hukunci don Allah. Ni tagwaye na goya, na san abin da ake nufi da yaro ya tsotsa ya tsotsa ya saki yana kuka. Akwai masu riƙon marayu a gidan nan ma. Ba kowace fida ce ta son jiki ba.

Ummu Abdallah: Ban san haka abin yake ba. Ki yi haƙuri ƙanwata.

Anti Nas: Sannunku. Yanzu na fito daga aiki na ga saƙon. Maman Hanif, kafin kowa ya ba ki shawara, ina so ki ba ni labari tiryan-tiryan. Daga lokacin da ya gama sha, ina kike ajiye fidar, da me kike wankewa, yaya kike busarwa, da wane ruwa kike damawa. Kada ki gyara labarin don kunya, faɗe shi yadda yake.

Maman Hanif: To Anti. Fida biyu gare ni. Ta dare in ya sha sai na ajiye a gefen gado, da asuba na zuba ruwa da ɗan omo na jijjiga sosai na ɗauraye, na jefa su a tukunya. Da ruwan ya tafasa sai na sauke, na tsame, na goge da tawul ɗinsa na rufe. Da rana kuma in ya sha sai na ɗauraye da ruwan filas. Damawa ma da ruwan filas ɗin nake yi, na safe, don zuwa rana ya yi ɗumi daidai shansa, ba sai na tsaya fifita ba. In ya rage kuma ina rufewa na ba shi an jima, kin san tsadar gwangwanin nan.

Anti Nas: Na gode da kika faɗi gaskiya. Tambaya ɗaya: robar bakin da yake tsotsa, kina zare ta daga cikin zoben da ake murɗawa, ko a haɗe kike wanke su?

Maman Hanif: Au, dama tana fita? Ni tunda aka sayo a haɗe na gan su.

Anti Nas: Tashi yanzu ki ɗauko. Tura robar da babban yatsa ta ciki, za ta fito. Ki duba ramin zoben da gindin robar, ki kuma sansana. Ina jiran ki.

Maman Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, wani abu ne a daskare zagaye da zoben, ruwan ɗorawa-ɗorawa, na sa farce na kankaro ya fito kamar cuku. A cikin layin da ake murɗawa har ya yi baƙi-baƙi. Warin kuma kamar ƙwaryar nonon da aka manta a ɗaki. Na miƙa wa Hajiyarmu ta sansana, sai ta kama baki ta ce “wannan muke ɗura wa bawan Allah?” Wallahi hawaye nake yi.

Inna Ta Zariya: Share hawayenki. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ga shi gari ya waye.

Anti Nas: Ba zan rantse na ce wannan ne ya kwantar da shi ba, don gudawar jarirai hanyoyinta da yawa. Amma a labarinki na ga ƙofa huɗu a buɗe, kuma wannan ce babba. Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, tafasawa ba wanki ba ce. Madara tana da maiƙo. Maiƙon nan yana mannewa a jikin roba, ƙwayoyin cuta su samu wurin fakewa a ƙarƙashinsa. In kika jefa fida mai dauɗa a tafasasshen ruwa, dauɗar kika dafa, tana nan daram, da ta huce kuma wasu ƙwayoyin su sake samun abinci. Shi ya sa wanki ne gaba, kuma bayan kowane sha, ba sau ɗaya a yini ba.

Ga yadda nake koya wa masu jego. Da ya gama sha, kada ki bari ta bushe. Wanke hannunki da sabulu, ki warware komai ɗaya bayan ɗaya: kwalbar daban, zoben daban, robar daban, murfin daban. Ki samu 'yar roba wadda ba a komai a cikinta sai wankin kayansa, ba wadda ake wanke kwanukan miya ko nama ba. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, ya fi omo saurin fita. Buroshin fida ki zura har gindi, ki bi wuyan kwalbar inda layukan suke. Robar ki juya cikinta waje ki wanke, sannan ki matsa ruwan sabulu ya fita ta hujin. Ki ɗauraye da ruwa mai tsabta har santsin ya tafi. Bayan nan ne ake maganar tukunya.

Maman Biyu: Ni buroshin nan shi ne ya cece ni. Soson wanke-wanke ba ya kai wa gindin kwalba ko me za ki yi. Amma shi ma a dinga wanke shi ana rataye shi ya bushe, don na taɓa barin nawa a cikin ruwa kwana biyu, warin da ya yi ya fi na fidar.

Maman Ilham: Mu kakarmu gishiri take sa wa a murje robar, wai yana cire santsi.

Anti Nas: A daina. Da can har a Turai an yi wannan, yanzu an hana. In gishirin ya maƙale a hujin ya bi madara, ƙodar jariri ba ta iya ɗaukarsa.

Maman Hanif: To tafasawar fa Anti? Na ga kamar ita ma ban yi daidai ba.

Anti Nas: Ke da ya tafasa kike saukewa, alhali daga nan ake fara ƙirga. Tukunya ta musamman mai murfi, ruwa ya shanye kan komai, ki tabbata kwalbar ta cika da ruwa ba ta taso sama da iska a ciki ba. Ya yi ta tafarfasa minti goma.

Maman Ilham: Anti ni kuma a intanet na ga minti biyar. Wanne ne gaskiya?

Maman Zara Ingila: Duka biyun akwai su. Mu nan hukumar lafiya minti goma ta ce, kuma a ci gaba da yi har yaro ya shekara. 'Yar uwata da ke Amurka kuma ta ce su CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta can, minti biyar ta rubuta, kuma ta fi matsawa a kan jaririn da bai kai wata biyu ba, da bakwaini, da yaron da garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, su a yi musu aƙalla sau ɗaya kullum. Har musu muka yi a waya.

Anti Nas: Su masu minti biyar ɗin, ruwan famfonsu mai magani ne. Mu da mai ga-ruwa ke kawo mana a jarkar da ba mu san yaushe rabon a wanke cikinta ba, ga ƙuda, ga zafi, ɗauki na goman. Minti biyar na gawayi ba su kai kuɗin gado ɗaya ba. Illa dai a dinga duba robar, yawan dahuwa yana sa ta saki. In ta fara danƙo, ko ta tsage, ko ta kumbura, a yar a sayi wata. Haka kwalbar roba in cikinta ya karce ko ya yi hazo, nan dauɗa take ɓuya.

Hajiya Babba: Ni fa ina ta karantawa ina mamaki. 'Ya'ya tara na haifa, babu wanda na taɓa dafa wa kwano, ga su nan da jikoki. Ruwan randa muka ba su da moɗa. Anya ba ku ɗora wa kanku wahala ba, 'yan nan?

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ku gafarce ni in tambaya, a cikin taran nan wa kuka ba madarar gwangwani a bulumboti yana jariri?

Hajiya Babba: Ko ɗaya. Nono suka sha har yaye.

Anti Nas: To kun ga amsar a bakinku take. Nonon uwa daga jiki zuwa baki yake, ba ya kwana a kwalba, kuma yana ɗauke da abin da ke kare hanjin yaro. Yaran da aka ba ruwan randa suka rayu, nonon ne ya yi musu garkuwa, kuma kun fi ni sanin nawa aka binne a unguwa da sunan haƙori ko madiga. Madarar gwangwani ba ta da wannan garkuwar. Ita abinci ce kawai, ga yaro da kuma ƙwayar cuta.

Hajiya Babba: Wannan gaskiya ne. Maƙwabciyata uku ta rasa, duk gudawa. Allah ya jiƙan su.

Maman Zara Ingila: Gaskiya in da hali injin turara fida ya fi sauƙi. Zuba ruwa kaɗan, danna, tururi ya yi aikin. Ni ban taɓa ɗora tukunya ba.

Maman Biyu: Maman Zara, ki aiko mana da injin tare da wutar ku ta can. Nawa yana kan firji ya zama abin ado, firjin ma kabad ya koma.

Kayan Jarirai Sari Da Sayi: Akwai injin turara fida sabon shigowa da filas mai riƙe zafi, a yi min magana ta gefe, ana turawa ko'ina.

Shugabar Gida: Ranar talla Asabar ce. Na goge hotunan. A ci gaba.

Maman Nafisa Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan bibiron muke ce ma fida. Ina tambaya, wadda ba ta da gawayin tafasawa kullum fa? Na ga wasu suna ɗiga ruwan jabel cikin ruwa su jiƙa kayan.

Anti Nas: Hanyar jiƙawa a ruwan sanyi tana nan, kuma tana aiki in an bi ƙa'ida. Akwai magani da aka yi don wannan aikin, irin su Milton, na ruwa da na ƙwaya, ana samu a manyan kemis. Ki auna ruwa da magani yadda aka rubuta a jiki, ki nutsar da komai kada wani ya taso, ki bar shi iya mintocin da suka ce, ki kuma zubar ki haɗa sabo duk bayan awa 24. Shi ma sai an yi wanki tukuna. Amma jabel ko bilic na wankin kaya, ba na so a yi shi da ka. Ƙarfinsu ya bambanta, wani an sa masa ƙamshi, kuma “ɗan ɗigo” a hannun wata rabin murfi ne. In ya zama dole, ma'aikacin lafiya ya duba kwalbar ya auna miki. Ni dai ga jariri, in akwai wuta, tukunya na fi yarda da ita.

Maman Nafisa Maraɗi: To madalla. Gobe in na je likita sai in tafi da kwalbar su gani.

Maman Hanif: Anti kin ce ƙofa huɗu. Ɗaya zoben. Sauran fa?

Anti Nas: Ta biyu tawul. Kin dafa kin kashe komai, sai kuma kika ɗauko tsumman da ake goge masa tumbiɗi kika mayar. Ba a goge fida. Wanke hannu, tsamo da matsami mai tsabta wanda shi ma ya dahu a tukunyar, kife a kan kwando mai tsabta iska ta busar, ki rufa saboda ƙuda da ƙura. Ko kuma ki bar su a cikin tukunyar a rufe sai za ki yi amfani. Wajen haɗawa ki kama robar ta gefe, kada yatsa ya taɓa inda zai sa a baki.

Ta uku ruwan damawa, kuma wannan ita ce mutane suke musu da ni. Garin madarar da ke cikin gwangwani, ko sabo fil kika fasa, ba a kashe duk ƙwayoyin cikinsa ba. Wani lokaci ana samun wata mai suna Kuronobakta, ko Salmonela. Ba kasafai ba, amma in ta kama jariri sabon haihuwa tana iya kai wa ga sanƙarau. A 2022 a Amurka an janye madara mai yawa daga kasuwa, aka rufe wata babbar masana'anta a jihar Michigan saboda zargin wannan ƙwayar, har madarar jarirai ta yi wuyar samu a ƙasar. Shi ya sa tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Ruwan ɗumin filas ɗinki ba ya kashe komai, reno ma yake yi.

Maman Ilham: Mu da ba mu da ma'auni, ina za mu gane digiri 70?

Anti Nas: Tafasa sabon ruwa kamar lita ɗaya, ki sauke, kada ya wuce rabin awa a ajiye. Fara zuba ruwan a fida daidai layin da gwangwani ya ce, sannan garin, da cokalin da ya zo da shi, a shafe ba a tula ba. Rufe, girgiza, sai ki tsoma gindin fidar a kwanon ruwan sanyi, kada ruwan ya kai wuyanta. Ɗiga a cikin tsintsiyar hannunki, in kin ji ɗumi kawai ba zafi ba, ya yi. Filas ba laifi ba ne in mai kyau ne, an cika shi taf da ruwan da ya tafasa yanzu, kuma in kin buɗe tururi yana tashi sosai. Na dare ki sake tafasa sabo kafin ki kwanta. Kuma ko fiya wata ne ko na gora, sai an tafasa.

Maman Biyu: Ƙarfe biyun dare, yaro yana tsala ihu, ke kuma kina tsaye kina jiran kwalba ta huce a kwano. Na san wannan tsayuwar. Dabarata ita ce in sa shi a nono yana tsotsa, kafin ya gane babu yawa madarar ta huce.

Anti Nas: Wannan dabarar ta fi duk abin da na faɗa, don tsotson ne yake kira ruwan nono. Ta huɗu kuma ita ce ragowa. Abin da aka dama ba ya wuce awa biyu a ajiye, wanda kuma bakinsa ya riga ya taɓa ya rage, zubarwa ake. A zafin Kano na watan Afrilu ni ko awa biyun ba na jira. In tsada kike ji, dama kaɗan, in bai ƙoshi ba ki ƙara. Abin da ba a yi shi ne ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, yaro zai rame kina ganin cikinsa a cike.

Inna Ta Zariya: Ni a ba ta kunun kanwa mai kyau ta ga yadda nono zai zubo, a huta da gwangwanin nan.

Anti Nas: Inna, kunu dai a sha, amma a sassauta kanwar. A garinku ne ma likitocin asibitin koyarwa suka yi ta rubutu tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da zafin wanka. Balle ita da aka yi wa aiki ta zubar da jini. Ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, ta sha maganin ƙarin jininta, ta yawaita sa shi a nono dare da rana.

Inna Ta Zariya: Ku dai likitoci ba ku bar mana komai ba. To na ji.

Ummu Abdallah: Anti, ni a asibitin da na haihu na ga ana ba bakwaini nono da ɗan kofi. Ba zai yi mata ba?

Anti Nas: Kin riga ni. Da ni ce Maman Hanif, da na koma kofi. Ƙaramin kofi ba shi da zobe, ba shi da huji, ba shi da lungun da ido ba ya gani. Wanke shi da dafa shi ba wuya, kuma yaro ba ya sabawa da robar da ke zubo masa a sauƙaƙe har ya zo yana ƙin nono. Ki tallafe shi a ɗan zaune, yana farke sosai, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har madarar ta taɓo leɓen. Shi zai dinga lasa yana zuƙa da kansa. Ba a ɗurawa, ba a tuttulawa, nan ne ake shaƙe yaro. Ranar farko rabi a zani zai ƙare, kada ki karaya. Amma ki fara a gaban nas ta ga hannunki.

Maman Hanif: Hajiyarmu ta ce ita za ta iya, wai ɗura ai ba baƙonta ba ne.

Anti Nas: Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata wannan ba irin waccan ɗurar ba ce ta toshe hanci. Ku je tare ta gani da idonta. Sati mai zuwa ai zai cika sati shida, ranar rigakafinsa ce, a ciki har da ɗigon rota na gudawa da aka shigar cikin rigakafin yara a Najeriya a 2022. Ana yi a sati 6 da 10 da 14, kada ki tsallake ko ɗaya. Kafin nan in kin ga ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya saki, ko madigarsa ta faɗa, ko zazzaɓi, ko ya daɗe bai jiƙa famfas ba, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ba jiƙo, ba kemis, ba tambaya a nan.

Maman Hanif: In sha Allah. Na gode Anti, na gode kowa, Allah ya bar zumunci. Na aiki ƙanena ya sayo buroshi da sababbin robobin baki biyu, tsofaffin na jefa a shara. Hajiya ta ba ni ƙaramar tukunyarta ta cikin kabad, ta ce daga yau ko ruwan shayi ba a yarda a dafa a ciki ba.

Maman Ilham: Ni ma fa yanzu na je na zare ta Ilham. Kada ku tambaye ni abin da na gani.

Maman Biyu: Maman Hanif, ki ce wa ƙanen naki mai ƙaramin kai a gindi zai sayo, wanda ke shiga cikin robar. In ya kawo babban kawai sai ya koma.